Haihuwar Guzuma

Ni da mahaifiyata mun ɗauki ciki a shekara ɗaya. Ina da shekara 25, cikin fari. Ita tana da 43, ciki na goma. Wata biyu ne tsakaninmu, ni ce a gaba. Nawa cikin an yi masa murna tun bai tasa ba, har surukata tana aiko mani da tsamiya da goruba don kwaɗayi. Nata kuwa ta lulluɓe shi da manyan zannuwa da hijabi har ƙasa, ta ƙara da shiru, mu kuma mutanen gida muka taya ta ɓoyewa. Wannan tayin ne nake son in bincika a nan, domin ya kusa kai ta kabari, kuma da hannuna a ciki.

Gidanmu yana Gobarau, a tsakiyar birnin Katsina. In mutum ya tsaya bakin rijiyar tsakar gida yana hango kan tsohuwar hasumiyar ƙasa da ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Unguwa ce ta tsofaffin gidaje da lunguna, inda kowa ya san kakan kowa, magana kuma ba ta kwana a gida ɗaya. Da cikina ya shiga wata na bakwai aka mai da ni gida goyon ciki, kamar yadda aka saba yi wa mai cikin fari, don in haihu a gaban uwata, ita ta yi mani wankan jego. Kwanana uku da zuwa na gane. Ta idar da sallar walha ta yunƙura za ta tashi, sai ta dafa bango, mayafinta ya zame. Muka haɗa ido. Ta gyara mayafi, ni kuma na sunkuyar da kai na fita. Ni ce 'yar fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “ke” ko “waccan”. Ta ina zan fara tambayarta wata nawa, ko ta fara zuwa awo? Bayan 'yan kwanaki na ji goggona a madafi tana dariya tana cewa, “To, bana haihuwar guzuma za mu gani.” Ba ta ƙarasa ba, don ba wanda bai san ƙarshen karin maganar ba: ɗa kwance, uwa kwance.

Ban zo in yi wa kunya tsirara a kasuwa ba. Da ita aka raine ni, kuma na san amfaninta. A gidan da mutum ashirin ke kwana, surukai da kishiyoyi da 'ya'ya da jikoki, kunya ce labulen da ya rage wa kowa. Ita ke hana suruki ya raina surukinsa, ita ke sa uwa ta danne son ɗan farinta a gaban mutane don kada ta fifita nata a kan na wasu, har yaron ya zama na kowa. Wanda ya ce a yar da ita gaba ɗaya bai zauna a babban gida ba. Tambayata ƙarama ce: me Inna ta aikata da ya cancanci kunya? Matar aure ce a ɗakin mijinta, shekara 26 da ɗaurin aure. Na daɗe ina juya tambayar kafin in yarda da amsar, don ba ta da daɗin faɗi. Ciki shaida ne da ba ya ɓoyuwa cewa mace tana kwana da mijinta, mu kuwa mun yanke wa mace wa'adi a kan wannan. Daga ranar da ta aurar da ɗiya muna son ta zama kaka zalla, mai carbi da goro, wadda jikinta ya yi ritaya. In ciki ya fito bayan nan sai a ce tana gasa da ɗiyarta.

Amma ciki ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Baba yana da shekara 58 a lokacin. Da labari ya isa majalisarsu ta ƙofar gida, abin da ƙanena ya jiyo ana faɗa masa shi ne, “Malam, ashe da sauranka!”, wani kuma ya ƙara da cewa ai da tsohuwar zuma ake magani. Harshe ɗaya ne ya tanadi karin magana biyu don abu ɗaya: namiji zuma, mace guzuma. Kuma ko ta fuskar halitta wannan rabon bai tsaya daidai ba. A 2012 masu bincike a tsibirin Aisland suka nuna cewa kowace shekara da ta ƙaru a kan shekarun uba tana ƙara kimanin sauyi biyu a ƙwayoyin gadon da yake ba ɗansa. Irin namiji ma yana tsufa. Nasa tsufan dai ba ya kumburi a gaban jama'a.

Duk da haka zan yi wa karin maganar adalci, domin makiyayin da ya fara faɗin ta ya lura da gaskiya. Mace tana zuwa duniya da dukan ƙwayayen haihuwar da za ta taɓa samu, miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa 'yan dubu ɗari, ba a kuma ƙara mata ko ɗaya. Ƙwan da ya zama ƙanena ya shekara 43 yana jira. Shi ya sa ɓari ke yawaita da shekaru, har bayan 45 fiye da rabin cikin da aka ɗauka yakan zube. Shi ya sa kuma lalurar nan da aka sa wa sunan likita Down take ƙaruwa: kimanin haihuwa 1 cikin 1,200 ga mai shekara 25, 1 cikin 350 ga mai 35, 1 cikin 100 ga mai 40, 1 cikin 30 ga mai 45. Wannan na ɗa ne. Na uwa ya fi tsoratarwa: hawan jini na ciki wanda kan kai ga jijjiga, ciwon suga na ciki, mabiyiya ta sauko ta tare ƙofa, jini ya ɓalle bayan haihuwa saboda mahaifar da ta gaji ta kasa tsukewa, ko mahaifar ma ta fashe a tsakiyar naƙuda. A wurinmu kuma tsufa ba ya zuwa shi kaɗai, da yawan haihuwa yake tafe. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna mace a Jihar Katsina tana haihuwar 7.3 a matsakaici, adadi mafi yawa a ƙasar, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Mun ɗauka wadda ta haihu tara ta zama gwana, ba ta bukatar kowa. Tun 1934 wani likitan haihuwa a birnin Dublin, Bethel Solomons, ya gargaɗi abokan aikinsa a kan wannan zaton, ya nuna cewa daga haihuwa ta biyar zuwa sama haɗari ƙaruwa yake yi, domin haihuwa ba sana'a ba ce da hannu ke faɗawa da yawan yi.

Waɗannan alƙaluma suna da fuska biyu, kuma masu tsoratarwa ɗaya kawai suke nunawa. In 1 cikin 100 ne, to 99 lafiya lau suke zuwa. Yawancin matan da suka haura 40 suna sauka lafiya. Wani ɓangare na abin da ke kashe sauran kuma ana iya gano shi tun da wuri da kayan da ba su kai kuɗin ragon suna ba: abin awon jini a dantse, da ɗan tsinken gwada fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas. Ma'anar lissafin ke nan: mace mai shekara 43 ta fi mai 25 bukatar a sa mata ido. A gidanmu sai aka yi akasi. Ni mai ƙuruciya da ƙarfi ina da katin awo cike da sa hannu, ita ba ta da ko kati. Makiyayin da ya ga guzumarsa ta ɗauki ciki ba ya tsayawa yana yi mata dariya. Ware ta yake yi, ya ƙara mata dusa, ya kwana kusa da ita daren haihuwa. Mu mun ɗauki maganarsa mun bar aikinsa.

Daga baya na ji cewa ta taɓa gwadawa sau ɗaya, a wani ƙaramin asibiti nesa da unguwa, inda take zaton ba wanda ya san ta. Ta zauna a benci tsakanin 'yan mata sa'o'ina, biyu daga cikinsu ma ƙawayen ƙanwata ne, suka durƙusa suka gaishe ta. Da layi ya zo kanta, malamar da ke rubuta suna ta tambayi shekaru da yawan haihuwa, ta ɗago kai ta ce da ƙarfi, “Haba Mama, har yanzu ba ki gaji ba?” Aka yi dariya. Inna ta ce bari ta kama ruwa ta dawo. Ba ta koma ba.

A Katsina mun san haɗarin farkon haihuwa, kuma mun san shi da kyau. Tun 1984 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari a Babbar Ruga, har wurin ya zama cibiya ta ƙasa. Rediyo ya yi magana, malamai sun yi, an yi wasannin kwaikwayo a kan yarinyar da ƙugunta bai isa ba. Madalla da wannan. Amma ban taɓa jin shiri ɗaya a kan ɗaya ƙarshen hanyar ba, a kan mace mai furfura a ƙarƙashin ɗankwali wadda ta zaci al'adarta ce ta ɗauke, sai a wata na huɗu ta ji motsi. Yarinya tana ba mu tausayi, don haka muna iya magana a kanta. Babbar mace kunya take ba mu.

Na haihu lafiya, namiji, aka yi suna. Inna ta shiga hidimar jego kamar ba ta ɗauke da komai. Ita ke tashi kafin asuba ta hura wuta a ƙarƙashin tukunyar wanka, ita ke tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mani, ita ke dama kunun kanwa tana ɗanɗanawa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta zafin wankan nan da gishirin kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ko ma mene ne gaskiyar wannan, ba aikin mai cikin wata takwas da kumburarrun ƙafafu ba ne. Na ga ƙafafun. Na ga zoben azurfarta ya nutse a yatsa. Na ji tana cewa ƙanwata ta miƙo mata maganin ciwon kai, kwana uku a jere, ta kuma ce tana ganin wasu taurari-taurari a idonta. A wurin awo an karanta mana waɗannan alamu ɗaya bayan ɗaya, har an sa mun maimaita. Na san sunan abin da nake gani. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na rufe, don faɗin sa yana nufin na ce wa uwata na san tana da ciki.

Daren kwana 19 da haihuwata, bayan isha, muka ji faɗuwar kwano a madafi. Muka tarar da ita a ƙasa, jiki yana kakkafewa yana girgiza, ta ciji harshe. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, a kawo hayaƙi. A nan ne bakina ya buɗe, a makare, na ce jijjiga ce, ciki ne da ita, a nemo mota. Lungunmu mota ba ta shiga. A tabarma aka ɗauke ta zuwa bakin titi. A asibiti aka yi mata allurar da ke tsai da jijjiga, aka shiga da ita tiyata kafin asuba, aka ciro ɗa namiji ɗan mitsitsi, aka sa shi a kwalba. Ita kuma ta yi kwana biyu ba ta san inda take ba. Ɗa kwance, uwa kwance. Goggo ta zauna a barandar asibiti tana kuka, ba ta sake ambaton guzuma ba har yau. Likitar da ta yi aikin ta tambayi katin awo, muka yi tsuru-tsuru. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, da an auna jinin ko sau ɗaya a watan da ya wuce, da an gani.

Ruwan nonon Inna bai zo da wuri ba, nawa kuwa har zuba yake. Baba ya je ya tambayi wani malami, aka ce masa ya halatta, sai dai a riƙe hukuncin: yaron zai zama ɗana na shayarwa, ɗan mijina kuma ta wannan fuska, tare da duk haramcin aure da ke biyo baya. Haka na riƙa tatsa ana ba shi da ɗan ƙaramin kofi, daga baya na sa shi a ƙirji, ƙanena a dama, ɗana a hagu. Abin da muka yi wata da watanni muna gudun a faɗa da baki, ga shi a cinyata kowa yana kallo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu zan juya ga hujjar da ta fi ƙarfi a kaina, don ba daidai ba ne in yi kamar babu ita. Wani zai ce: bar batun kunya, ai akwai haƙƙi. Mace mai 'ya'ya takwas a raye, in ta sa ranta a haɗari don na tara, ba ranta kaɗai ta sa ba. Da Inna ta mutu a daren nan, yara huɗu da ba su balaga ba za su tashi a hannun wasu. Sannan shi yaron da aka haifa, ranar da zai cika 20 uwarsa tana da 63, ubansa 78, in suna raye. Wa zai biya masa makaranta, wa zai yi masa aure? Nauyin zai faɗo kan yayyensa, waɗanda ba a shawarce su ba. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ni ce shaidarta, don kuɗin makarantarsa daga albashina yake fita. Na yarda cewa akwai lokacin da hankali da tausayi za su ce wa ma'aurata su dakata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne inda ake ajiye laifin. Mai wannan hujja yana magana kamar Inna ta zauna ta auna ta zaɓa. Ba wanda ya taɓa zama da ita. Shekara shida bayan wanda muke kira Auta, ta ɗauka an gama. Ba wanda ya gaya mata cewa mace tana iya ɗaukar ciki a shekarun da al'ada ke wasa, tana zuwa tana ɗaukewa, har sai ta shekara cur ba ta gani ba. Ita da Baba kuma, a iya sanina, ba su taɓa furta kalma ɗaya a kan wannan a tsakaninsu ba. Abin mamaki, malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun daɗe da tattauna azalu, suka ce miji ba ya yin sa sai da izinin matarsa. Sharaɗin izini yana nufin sun ɗauka miji da mata za su yi magana. Kunyar da ta hana Inna zuwa awo ita ce tun farko ta hana wannan maganar. Ba a ba mutum ilimi ba, ba a ba shi baki ba, sannan a ce ya yi zaɓi marar kyau.

Akwai kuma wani abu a cikin hujjar da ke narkewa da zarar an kawo yaron gabanka. Kafin a ɗauki ciki ana iya cewa gara a dakata, kuma magana ce ta hankali. Bayan an haife shi, wa aka cuta? Ba za a ce an cuce shi da aka haife shi a makare ba, domin ba shi da wani lokacin da zai zo. Da an haihu shekara goma kafin nan, wani ne za a haifa, ba shi ba. Rayuwar da yake da ita, da tsofaffin iyaye da yayye masu ƙorafi, ita kaɗai ce tasa, kuma ban ga alamar yana son mayar da ita ba. Saboda haka tambayar ko ya kamata tana da amfani kafin ciki kawai. Da zarar ciki ya shiga ta zama tsohon zance, sai a koma ga wa zai raka ta asibiti. Mu kuwa mun yi shiru a lokacin da tambayar ke da amfani, muka zo muna yin ta da ido da habaici a lokacin da ba ta iya komai sai cutarwa.

Abin da ya tabbatar mani cewa ba shekaru muke hukuntawa ba shi ne wata mata a bayan layinmu. Shekara 19 tana gidan miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. An kira ta juya a bayan ido, an yi mata kishiya biyu, ta sha rubutu da saiwoyi har ta gaji ta bari. Tana da 41 sai ga ciki. Unguwa ta ɗauka, mata suna shiga suna fita da addu'a, mijinta da kansa yake kai ta awo a bayan babur, ranar suna aka yanka sa. Shekara biyu ne kawai tsakaninta da Inna, kuma haɗarin da ke kanta bai gaza na Inna ba, don cikin fari a wannan shekaru yana da nasa sharrin. Ita an karanta cikinta a matsayin rahama, na Inna a matsayin rashin kamun kai. Jiki iri ɗaya, hukunci biyu. Ita tana biyan bashin da al'umma ke bin kowace mace ne, shi ya sa aka yafe mata shekarunta. Inna ta riga ta biya har da ƙari, don haka ba a ga dalilin da zai sa ta ci gaba da zama mace ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba, kamanninsa ne ke sauyawa. A Ingila da Wales, a 2015, yawan haihuwa a tsakanin matan da suka kai 40 ya zarce na 'yan ƙasa da 20, karo na farko tun 1947. Can mace tana jinkirtawa don karatu da aiki da tsadar gida, wasu kuma sai da taimakon dashen ƙwai, wanda aka fara haihuwa ta hanyarsa a 1978. Can ana zargin ta da son kai don ta makara farawa, nan ana zargin ta da rashin kunya don ta makara dainawa. Mu ma na farkon yana ƙaruwa a cikinmu, don ina da ƙawayen da muka yi makaranta tare da ba su yi aure ba sai bayan 35.

Wanda ya tashi a unguwar malamai kuma ba zai rasa lura da cewa kunyar nan ba daga littafi muka samo ta ba. Tun muna makarantar allo aka ba mu labarin Saratu matar Annabi Ibrahim, wadda aka yi wa bushara da ɗa tana tsohuwa, ta yi mamakin kanta, ba a kuwa zarge ta ba. Da matar Annabi Zakariyya, uwar Annabi Yahaya. Ruwayar da ta fi shahara ta ce Nana Khadija tana da shekara 40 lokacin aurenta da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma bayan nan ta haifa masa 'ya'yansa in ban da Ibrahim. Muna sa wa 'ya'yanmu sunayen waɗannan mata, sannan mu yi wa maƙwabciyarmu dariya a benci.

Saura in faɗi abin da na gani bayan an sallamo su, don shi ne ban zata ba. Raino a shekara 43 ba wasa ba ne. Gwiwoyin Inna sun ƙi goyo, ɗinkin ya daɗe yana damunta, hawan jinin kuma bai tafi ba, ya zauna ke nan, kullum da ƙwaya. Daren da yaron ya ƙi barci, washegari sai ka ga kamar an ƙara mata shekara biyar. Wani lokaci nakan same ta tana kallonsa tana motsa baki, na san lissafi take yi, irin wanda mai hujjar can ya yi, sai dai ita da ranta take yin sa. Amma kuma na ga wata uwa da ban taɓa sani ba. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, ga ta tana kiran sunan wannan yaro da ƙarfi a tsakar gida, tana yi masa rawa a cinya, tana yi masa kirari. Ba ta firgita in ya yi zazzaɓi, ba ta dukansa in ya yi ɓarna, ta san abin da ke wucewa da kansa. Haƙurin da ta tara a kanmu mu tara, shi ya ci gajiyarsa. Ba zan ɓoye ba, na yi kishi. Ni na samu ƙarfinta ban samu sakewarta ba, shi ya samu sakewar ƙarfin ya tafi, kuma har yau ban san wanda ya fi riba a cikinmu ba.

Shekara tara ke nan. Yaran biyu aji ɗaya suke, allo ɗaya suke wankewa, suna bi ta gindin hasumiya kullum da yamma suna gardamar wa zai ce wa wani Kawu, tun da ɗana ya girme shi da kwana 20. Ban taɓa neman gafarar Inna da baki a kan shirun da na yi ba. Na gwada sau ɗaya, ta katse ni da tambayar ko na ci abinci. Abin da na iya shi ne na sayo mata na'urar awon jini ta batir, na koya mata karanta lambobin, don ta riƙa duba kanta. Ban san yadda labarin na'urar ya fita ba. Yanzu bayan isha, jefi-jefi, sai ka ji sallamar wata babbar mace a zaure, cikin dogon hijabi, ta ce ta zo a duba mata jini ne, kanta ke ciwo. Inna takan kore yara, ta saki labule, ta naɗa mata abin a dantse. Ranar nan ina ɗakin ina ninke kaya, ba su damu da ni ba. Na'urar ta gama kukanta, Inna ta duba lamba, ta dubi ƙafafun matar, sannan ta ce, “Wata nawa?” Matar ta yi shiru, ta ce biyar. Inna ta ce, “Gobe da safe ki biyo mani, tare za mu. Ni zan zauna kusa da ke a bencin.”